ƘWAYOYIN DA AKA HARAMTA SUN SAKE SHIGA ƊAKIN LIKITA

A Jami'ar Johns Hopkins da ke birnin Baltimore na ƙasar Amurka akwai wani ɗakin jinya wanda baƙo zai ɗauka falon wani mai hali ne. Ba gadon ƙarfe, ba warin magani, sai doguwar kujera mai taushi da fitila da hotuna a bango. Da safe majiyyaci yakan shigo a miƙa masa ƙwaya guda ɗaya da ruwa, ya kwanta, a rufe masa ido da ƙyalle, a sa masa na'urar jin kiɗa a kunne. Mutum biyu waɗanda ya riga ya saba da su sai su zauna kusa da shi, ba za a bar shi shi kaɗai ba har awa bakwai ko takwas. In ya yi kuka a bar shi ya yi, in ya tsorata a riƙe masa hannu, lokaci lokaci kuma a auna bugun jininsa.

Abin da ke cikin ƙwayar nan sunansa silosaibin, ana samunsa ne a jikin wata irin laimar kwaɗi, watau abin nan da wasu ke kira naman kaza. Cikin 1970 dokar Amurka ta sa shi jeri ɗaya da hiroyin, aka ce ba shi da wani amfani ga likita. Shi da 'yan'uwansa, irin su LSD da MDMA da ibogen, su ne magunguna masu sa gane-gane, waɗanda in mutum ya sha sai launi da ƙara da lokaci su sauya masa, har wani ya ji kamar ya fita daga jikinsa. Su ne yanzu manyan jami'o'i suke gwadawa a kan ciwon damuwa mai tsanani, da firgicin da ke bin wanda ya ga bala'i, da jarabar giya da taba da ƙwaya.

Labarin ya fara yawo cikin wayoyin jama'a, kuma yakan iso ne da rabinsa. Ana faɗin waɗanda suka warke, ba a faɗin ɗakin da mutum biyun nan da ke zaune, ba a kuma faɗin ɗimbin waɗanda likitocin suka mayar gida tun daga bakin ƙofa.

ASALIN MAGANAR

Cikin 1938 wani masanin haɗa magunguna, Albert Hofmann, yana aiki a kamfanin Sandoz a birnin Basel na ƙasar Suwizalan. Yana neman maganin da zai ƙarfafa numfashi da gudun jini ne daga wata funfuna mai kama wani hatsi ɗan'uwan alkama. Haɗi na 25 da ya yi shi ne LSD. Aka gwada a kan dabbobi ba a ga abin kirki ba, aka ajiye. Bayan shekara 5 ya sake haɗa shi, ɗan kaɗan ya shiga jikinsa bisa kuskure, ya ji wani iri. Ran 19 ga Afrilu, 1943, sai ya auna kashi ɗaya cikin dubu huɗu na giram guda ya sha da gangan, a zatonsa wannan bai isa ya yi kome ba. Ashe ya zarce ƙima. Lokacin yaƙin Hitila ne, an taƙaita hawa mota, saboda haka a kan keke ya koma gida, mataimakinsa na rakiya. Maƙwabciyarsa da ta kawo masa madara sai ya gan ta kamar mayya. Ya tabbata mutuwa zai yi. Likita ya zo ya duba bai sami kome ba sai ƙwayar idonsa da ta buɗe, kashegari kuwa mutumin ya tashi garau. Hofmann bai rasu ba sai 2008, yana da shekara 102.

Daga 1947 kamfanin ya shiga aika wa likitocin ƙwaƙwalwa wannan magani don su gwada. Kafin tsakiyar shekarun 1960 an ba majiyyata wajen 40,000. A garin Weyburn na ƙasar Kanada, Dokta Humphry Osmond ya ba mashaya giya da niyyar ya tsorata su, su ga irin haukan da giya za ta kai su. Sai abin ya zo masa da mamaki, gama da yawa daga cikinsu suka ce sun hangi rayuwarsu ne tun daga farko kamar an shimfiɗa musu ita a faifai, suka kuwa ajiye kwalba. Sai dai gwaje-gwajen wancan zamani ba su da tsari sosai, galibi ba a kwatanta waɗanda aka ba da waɗanda ba a ba ba.

Ita laimar kwaɗi kuwa daga hannun wata tsohuwa ta fito. Cikin 1955 wani ma'aikacin banki na birnin New York, Gordon Wasson, ya je garin Huautla a kan duwatsun ƙasar Meksiko, inda wata mai magani, Mariya Sabina, ta bar shi ya shiga zaman dare da kabilarta ta gada don neman lafiyar marasa lafiya. Ya koma ya buga labarin a mujallar Life cikin 1957. Shekara guda bayan haka Hofmann ya tsamo sinadarin daga jikin tsiron. Samarin Turawa suka yi ta kwarara garin, 'yan sanda suka biyo su, mutanen gari suka ɗora wa tsohuwar laifin tona asiri, aka ƙone mata gida. Ta rasu cikin talauci a 1985.

Abin da ya sami Huautla shi ya sami maganin baki ɗaya. Ya fita daga asibiti ya faɗa titi. Wani malamin Jami'ar Harvard, Timothy Leary, wanda aka sallama cikin 1963, ya zama mai shelarsa ga matasa, daidai lokacin da suke tawaye ga iyayensu da yaƙin Biyetnam. Hukumar leƙen asirin Amurka ita ma ta yi ta ba mutane LSD ba da saninsu ba, tana neman hanyar juya tunanin ɗan Adam. Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar haramci cikin 1970, Majalisar Ɗinkin Duniya ta bi baya da yarjejeniyar birnin Biyana ta 1971. An rufe littafin ke nan tun likitoci ba su gama karatu ba, ba a tabbatar yana magani ba, ba a kuma tabbatar ba ya yi ba.

DAWOWA

Wanda ya fi kowa sake buɗe ƙofar shi ne Farfesa Roland Griffiths na Johns Hopkins, mutumin da aka sani da tsantseni, wanda ya yi shekaru yana binciken illar taba da gahawa. Rahotonsa na farko ya fito cikin 2006. A 2016 shi da wasu likitoci na Jami'ar New York suka ba da sakamakon gwaji a kan masu ciwon daji waɗanda tsoron mutuwa ya hana su sakat, mutum 51 a wuri ɗaya, 29 a ɗayan. Bayan wata shida, a wajen Johns Hopkins, kusan mutum 8 cikin 10 suna nan da sauƙin da suka samu. Shi kansa Griffiths ciwon dajin ne ya zama ajalinsa cikin 2023.

Wani ƙaramin gwaji na 2014 ya ɗauki mashaya taba 15, aka sami 12 ba su koma ba bayan wata shida. Na 2022 a New York ya ɗauki mashaya giya 93. Waɗanda aka ba silosaibin ranakun da suke yin tatul sun ragu da kashi 83 cikin 100, waɗanda aka ba wata ƙwaya dabam kuwa da kashi 51. Mai karatu ya riƙe wannan 51 ɗin, za a dawo kanta.

Da aka faɗaɗa gwajin sai alƙaluma suka ɗan sauko. Kamfanin Compass na Ingila ya gwada a kan mutum 233 masu ciwon damuwa wanda ya gagari sauran magunguna. Sakamakon da ya fito cikin 2022 ya nuna cewa bayan mako uku kashi 29 cikin 100 na waɗanda aka ba cikakken awo sun rabu da ciwon, a kan kashi 8 na waɗanda aka ba ɗan mitsitsi. Kafin wata uku tazarar ta ragu, wasu kuma an ga tunanin kashe kai ya taso musu. A Kwalejin Imperial ta birnin Landan an kara shi da wata sananniyar ƙwayar damuwa da ake sha kullum, cikin 2021, a kan babban ma'aunin da aka sa tun farko kuwa ba wanda ya kada wani.

Yadda yake aiki, masana sun ce yana kama wata kafa a ƙwaƙwalwa wadda sinadarin sirotonin yake bi. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna sassan da suka saba hulɗa da juna kaɗai sukan saki jiki su yi hulɗa da wasu. Tunanin mai ciwon damuwa kamar amalanke ne da ya ci rami a hanya, kullum nan ƙafarsa take faɗawa. Zaton masu binciken shi ne maganin yana cike ramin na 'yan makonni, a cikin wannan tsakani ne masu ba da shawara za su taimaki mutum ya fitar da sabuwar turba. Zato ne mai ƙarfi, amma dai zato ne.

INDA GIZO KE SAƘA

Ƙa'idar gwada sabon magani ita ce a raba majiyyata gida biyu, a ba wasu na gaske, a ba wasu ƙwayar wofi, kada majiyyaci ko likita ya san wa ya sami wanne. Dalili kuwa shi ne, sa rai kaɗai yana kawo sauƙi, balle a ciwon zuciya da tunani. To, yaya za a ɓoye wa mutum ko ya sha abin da ke sa bango ya yi numfashi? Wanda ya sami na gaske ya sani, yana murna. Wanda ya sami na wofi shi ma ya sani, ya kwana da takaici bayan ya daɗe yana jiran layi. Tazarar da za a gani tsakaninsu ba a san nawa ne na ƙwaya ba, nawa ne na murna da takaici.

Wannan ne ya kada MDMA, wanda a lokacin ya fi sauran kusa da samun izni. Kamfanin Merck na Jamus ne ya fara haɗa shi cikin 1912, ya zama ƙwayar gidajen rawa, Amurka ta haramta shi a 1985. Ba ya sa gane-gane sosai, abin da yake yi shi ne rage tsoro, har tsohon soja ko matar da aka yi wa fyaɗe su iya ba da labarin abin da ya same su ba tare da jiki ya ɗauki rawa ba. Wata ƙungiya mai suna MAPS, wadda Rick Doblin ya kafa cikin 1986, ta yi kusan shekara 40 tana tara gudummawa don gwada shi. A gwajin 2021, mai mutum 90, kashi 67 cikin 100 sun fita daga sahun masu ciwon firgici, a kan kashi 32 na masu ƙwayar wofi. A na 2023, mai mutum 104, aka sami 71 a kan 48.

Duk da haka ran 4 ga Yuni, 2024, kwamitin masana da ke ba hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka shawara ya yi ƙuri'a, 9 suka ce ba a nuna yana magani ba, 2 suka ce an nuna. A kan ko amfaninsa ya rinjayi haɗarinsa, 10 suka ce a'a, mutum 1 tak ya ce i. Cikin Agusta hukumar ta ƙi ba da izni, ta ce a sake gwaji. Kusan mutum 9 cikin 10 na waɗanda suka sha na gaske sun gane abin da aka ba su. Da yawa kuma sun taɓa shan ƙwayar tun kafin gwajin, watau sun shigo da yardarsu a aljihu.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. A wani gwaji na farko farko da aka yi a Kanada cikin 2015, hoton bidiyo ya nuna masu jinyar, mata da miji, suna kwance tare da majiyyaciyar suna danne ta tana cikin maye, daga baya kuma ta kai ƙarar mijin kan cin zarafi. Maganin da ke sa mutum ya saki jiki ya amince da wanda ke gabansa, a hannun marar tsoron Allah makami ne. Wata mujallar likitoci ta janye rahotanni uku saboda wannan al'amari.

Sa'an nan a dawo kan kashi 51 da 48 ɗin nan. Mutanen da ba su sha na gaske ba, su ma sun sami sauƙi mai yawa, don kawai an zauna da su an saurare su. A tsarin MDMA majiyyaci yana samun zama 3 na awa 8, da zama 12 na awa ɗaya da rabi, jimla awa 42, da ma'aikata biyu a kansa. Mazauna Abekuta ba za su yi mamakin wannan ba. Tun 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye masu taɓin hankali a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro, kowa da ɗan'uwansa mai kula da shi, suna zuwa asibiti da rana, ya kuwa nuna wa duniya cewa mutanen da ke kewaye da majiyyaci suna cikin maganin.

Wasu ƙasashe ba su jira ba. Suwizalan ta fara ba wasu likitoci izni na musamman tun 2014. Ostareliya ta yarda daga ran 1 ga Yuli, 2023, zaɓaɓɓun likitocin ƙwaƙwalwa su ba da MDMA da silosaibin, amma kuɗin jinyar da aka kiyasta a lokacin ya kama daga dalar ƙasar 15,000 zuwa 25,000. Jihar Oregon ta Amurka ta buɗe gidajen shan silosaibin masu lasisi cikin 2023. Awowin ma'aikata ne ke cin yawancin kuɗin.

WANDA KE CIKIN ASIBITOCIN ƘASAR NAN

Ɗaya daga cikin dangin nan ya daɗe a Nijeriya, watau ketamin, allurar da ake sa mutum barci da ita kafin aikin fiɗa. An haɗa ta cikin 1962. Ba ta cika danne numfashi ba, saboda haka ita ce madogarar ƙananan asibitoci inda ba wuta ba iskar numfashi, da ita ake ciro jariri a ceci uwa. Wanda aka taɓa yi wa ita ya farka yana sambatu ya ɗanɗani gane-ganenta. Cikin 2000 likitocin Jami'ar Yale suka ga ɗan kaɗan daga cikinta yana ɗaga ciwon damuwa cikin awowi, alhali sauran ƙwayoyi sai sun yi makonni. A 2019 Amurka ta ba da izni ga wani nau'inta mai suna Spravato wanda ake shaƙa ta hanci, da sharaɗin a asibiti za a shaƙa, a kuma tsare mutum awa 2. Sauƙin ba ya daɗewa sai an maimaita, tana kama mutum, mai yawan shanta kuma mafitsararsa takan lalace. Ita ce ta kashe ɗan wasan Amurka Matthew Perry cikin Oktoba, 2023, likitoci biyu suka amsa laifi a kotu. Lokacin da ƙasar Sin ta nemi a tsananta dokar ketamin a duniya cikin 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙi goyon baya, saboda asibitocin karkara irin na Afirka.

SAIWAR GABON

Wanda zai fi jan hankalin iyaye shi ne ibogen. Daga ɓawon saiwar wani ɗan itace ake samunsa mai suna iboga, wanda ke fitowa a kurmin Gabon da kudancin Kamaru, mabiya al'adar Bwiti suna amfani da shi wajen bikin shigar da sabon ɗan ƙungiya. Cikin 1962 wani saurayi ɗan shekara 19 a New York, Howard Lotsof, wanda hiroyin ta kama, ya sha shi don nishaɗi, ya farfaɗo bayan fiye da yini guda ya ga ba ya jin ciwon jikin nan da ke addabar mai barin ƙwaya. Ya ƙare rayuwarsa yana neman a bincika abin. A 2024 likitocin Jami'ar Stanford suka ba da rahoton tsofaffin sojoji 30 da suka je wani asibiti a Meksiko aka ba su, suka dawo da sauƙi mai yawa, sai dai ba a kwatanta su da kowa ba. Cikin Yuni, 2025, Jihar Texas ta ware dala miliyan 50 don gwada shi. Gabon ta ɗauki itacen a matsayin dukiyar ƙasa tun 2000, ta kuma hana fita da shi ba izni cikin 2019, don masu haƙa sun fara ƙarar da shi a daji.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya cikin 2018 ya sami 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shan ƙwaya, miliyan 4.6 daga ciki masu shan irin su taramol da kodin. Daga Agege zuwa Sabon Ibadan ba a rasa gidan da ke ɓoye da irin wannan yaro, uban da ya gaji kuwa in aka ce masa ga saiwar da ke yanke jarabar dare ɗaya zai sayar da abin da ya mallaka. Abin da ba za a gaya masa ba shi ne ibogen yana rikita bugun zuciya har ta tsaya. Wani bincike na 2012 ya ƙirga mutum 19 da suka mutu bayan sun sha shi tsakanin 1990 da 2008, yawancinsu masu ciwon zuciya ko masu wata ƙwaya a jiki. Sojojin nan 30 an yi musu ƙarin ruwa mai sinadarin da ke kare zuciya, na'ura kuma tana bin bugunta har suka farfaɗo. Wanda ya daina ƙwaya ya sake komawa kan awon da ya saba, shi ma yana iya tafiya, gama jikinsa ya daina ɗauka.

Kada kuma a haɗa waɗannan da zaƙami. Shi zaƙami ta wata hanya dabam yake bi, yana ɗauke hankali ɗungum, ya bushe maƙogwaro, ya sa zuciya gudu, mutum bai san inda yake ba, in ya tashi kuma ba ya tuna kome. Ba ya cikin abin da likitocin nan suke gwadawa.

Dokar da ta kafa hukumar NDLEA cikin 1989 ta ambaci LSD da sunansa tare da hodar iblis da hiroyin, ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da su ko haɗa su. Ko da an sassauta, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta ce cikin 2022 'ya'yanta da ke aiki a gida ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200, layin Yaba da na Aro kuwa kowa ya san tsawonsa.

Su masu gwajin ba kowa suke karɓa ba. Wanda shi ko wani na jininsa ya taɓa samun taɓin hankali ba a ba shi, don maganin yana iya tada abin da ke kwance. Mai ciwon zuciya da mai hawan jinin da bai sauka ba da mace mai ciki duk akan sallame su. A gwajin Landan na 2021 an tantance mutum wajen 1,000, waɗanda suka shiga ɗakin 59 ne.